Katin Madugu Ɗanƙarami

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Yaya Khalid ya zo biro, ofishinmu, da azahar, abin da bai saba ba. Ya tsaya a bakin ƙofa rungume da kwali, ko Metir Alkasum, lauyan da nake wa aiki, bai gaida ba sai da na yi masa ido. Ya ɗora kwalin a kan dosiyen mutane, fayilolin shari'arsu, ya ce in buɗe.

Wasa ne. Bugun Yamai, kwali mai sheƙi, an sa masa suna Hanyar Gishiri. Ina buɗewa na ga allonmu. Hanyar nan da Yaya ya zana daga Zango, unguwarmu, zuwa Bilma, rijiyoyi tara, katunan fatake, ɗan ludo biyu. Ayarin Zango ne, wasan da ya shekara huɗu yana haɗawa a tabarmar zaure in ya taso daga lekol, makarantar da yake koyarwa. Sabuwar riga kawai aka sa masa. A ƙasan kwalin an rubuta Mahamud Abdul'aziz.

Mahamud ɗan Hajiya Falmata. Gida uku ne tsakaninmu. Ya ci tuwon Inna fiye da yadda na ci. Da shi Yaya ya fara gwada wasan tun katunan suna guntayen kwalin sukari.

Na ce wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, wannan sata ce a fili, kuma takarda tana bayanmu. Ya ce, "Na sani, Metir. Shi ya sa na zo wurinki."

Tun ranar da na kawo diflom ɗina na shari'a gida yake kirana Metir, laƙabin lauyoyi, alhali sakatariya ce ni a biron lauya. Da tsokana yake faɗa. Yau ba da tsokana ba ne.

Talata, 23 ga Afrilu

Akwai katin da ban gani ba jiya.

A wasan Yaya, wanda ya ja katin Madugu Ɗanƙarami ayarinsa ba ya ɓata hanya har zagaye uku. Kakanmu ne, mahaifin Inna. Ban same shi da rai ba, amma Inna ta ba mu labarinsa har na san yadda yake tari.

A wasan Mahamud sunan yana nan, an ƙara masa Mai Wayo. Wanda ya ja shi zai saci salkar ruwa biyu daga ayarin da ke kusa da shi. An zana shi da ƙaton tumbi, ya kanne ido ɗaya.

Mun shirya da Yaya, Inna ba za ta gani ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Bari in tsara wa kaina maganar kafin in kira mutumin nan.

Ƙa'idojin tafiya da na ciniki ba Yaya ya ƙirƙiro su ba. Ya aro su daga wani wasan ƙasar waje wanda masu shi suka sake da lasisin buɗe. Wato kowa yana iya ɗauka, ya canza, ya buga, ya sayar, muddin ya haɗa takardar lasisin, ya ambaci waɗanda ya ara a wurinsu, kuma abin da ya gina a kan ƙa'idojin ya bar shi a buɗe ga na baya. Lasisin ya raba kaya kashi biyu: abin buɗe, da abin keɓe wanda ba mai taɓawa sai da izini. Sashe na ɗaya ne ya fassara kowanne. Abin da na riƙe shi ne, sunayen mutanen wasa da wurare da labarai da zane duk abin keɓe ne.

To Mahamud ya ɗauki ƙa'idar ɗan ludo in yana so. Kaka kuwa ba nasa ba ne.

Bara da Yaya zai buga kwafi sittin ya kuma sa littafin a intanet, ni na karanta masa lasisin, ni na rubuta shafin ƙarshe. Na san abin da nake faɗa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kira shi. Ya ɗauka da "ƙanwata", kamar jiya muka rabu. Na ce Munira sunana.

Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ci mini rai. Wai bai saci komai ba. Wai ya zauna ya bi lasisin layi-layi, ya sa sunan Khalid a bayan littafi kamar yadda aka sharɗanta. Wai sau biyu ya nemi Yaya su haɗa gwiwa a buga a maɗaba'ar da yake aiki, Yaya ya ce wasan bai nuna ba tukuna. Shekara nawa zai jira? Batun kati kuwa, wai 'yan Yamai da suka gwada sun ce wasan ya cika mutanen kirki, ana bukatar wanda zai ba da dariya, kuma sunan ya dace da baki.

Sunan ya dace da baki. Mahaifin matar da ta yi masa wanka yana jariri.

Na ce za mu haɗu a gaban alƙali. Ya ce, "Munira, buɗe shafin ƙarshe na littafinku ki karanta. Ba ni na rubuta shi ba."

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na karanta.

Litinin, 29 ga Afrilu

"Duk abin da ke cikin wannan littafi abin buɗe ne." Layi ɗaya. Nawa.

Amma ba shi ke nan ba. In fassarar sashe na ɗaya ta riga ta keɓe sunaye da kanta, layina ba zai iya buɗe abin da lasisi ya rufe ba. Haka na fahimta bara, haka nake fahimta yau. Na maimaita wa kaina wannan a kan kabu-kabu tun daga Zango har biro, kamar mai haddar jarrabawa.

Wuta ta ɗauke tun safe. Zafi kamar a gasa mutum. Wasiƙa ɗaya na buga wa Metir, na yi kuskure huɗu.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na kai wa Metir Alkasum takardun bayan mutane sun ragu. Ya ce bai taɓa ganin shari'ar wasa ba, amma yarjejeniya yarjejeniya ce. Ya sa tabarau ya karanta sashe na ɗaya da ƙarfi, a hankali, yadda yake yi wa masu rikicin gona.

Fassarar tana cewa abin keɓe shi ne sunayen mutane, wurare, labarai, zane-zane, da kowace alamar kasuwanci, waɗanda mai su ya bayyana a fili cewa ya keɓe su. Ni bara na ɗauka sharaɗin bayyanawar nan a kan alamar kasuwanci kaɗai yake, tunda ita ce ta ƙarshe a jerin. Metir ya ɗora bakin biro a kan kalmar Faransancin. Identifiés. Jam'i. Da alamar kaɗai ake nufi da an rubuta identifiée. Sharaɗin ya hau kan jerin gaba ɗaya. Abin da ba ka lissafa ka ce ka keɓe ba, ba ka keɓe shi ba.

Ɗan aji shida ya san wannan.

Ya tambayi ina jerin sunayen da Khalid ya keɓe. Na ce babu. Ya ce tunda takardar Faransancin fassara ce, mai son gardama zai iya komawa asalin ya yi ta ja har shekaru, amma layin nan na shafin ƙarshe ya gama da mu, mai wasa da bakinsa ya ce komai a buɗe yake. Kuma abin da aka buɗe ba a sake rufe shi, sashe na huɗu ya faɗa. Maganar ɓata sunan mamaci wata ƙara ce daban, doguwa, kuma sai an kawo Inna ta tsaya gaban mutane.

Sai ya ce, "Wa ya rubuta masa wannan shafin?"

Na ce wani ne ya taimaka masa.

Ya dube ni ta saman tabarau. Shekara biyar ina buga masa takardu, ya san inda nake sa waƙafi. Ya miƙo mini dosiyen rikicin filin wani mai suna Dogo ya ce ana jira.

Abin da ban rubuta ba ranar Alhamis da ta wuce: sau biyu Yaya ya tambaye ni bara ko ya kamata a jera sunayen. Na biyun ina ɗaura ɗankwali zan tafi biki. Na ce masa ni na karanta shari'a ko shi. Minti ashirin na ba lasisin nan. Shi ya ba wasan shekara huɗu.

Litinin, 6 ga Mayu

Yaya ya tambaya. Na ce Metir yana kan nazari.

Juma'a, 10 ga Mayu

Hajiya Falmata ta shigo da hantsi, kwalin a ƙarƙashin mayafi, fuska cike da murna. Ɗanta ya aiko mata. An gaya mata sunan mahaifin Inna yana ciki, ta zo ta nuna wa aminiyarta yadda Mahamud bai manta da gida ba. Ba ta karatun boko, Inna ma haka. Suka baje katunan a tabarma suna nema, kamar masu tsince shinkafa.

Inna ce ta ɗaga katin, don ta ga rawani da raƙumi. Ta daɗe tana kallon tumbin. Ta miƙo mini ta ce in karanta.

Ina iya cewa rubutun ƙa'ida ne kawai. Ina iya cewa komai. Na karanta shi kalma-kalma, na fassara da Hausa, ina kallon Hajiya Falmata, ba Inna ba. Na so ta ji. Kuma na ji daɗi, wajen minti ɗaya.

Inna ta ajiye katin a kife. Ta ce, "Baba bai taɓa ruwan kowa ba. A hanyar nan wanda ya saci ruwa kisa ya yi."

Hajiya Falmata ta yi ta rantsuwa ba ta sani ba. Na san ba ta sani ba. Ta tashi tana neman takalminta ɗaya, yana gabanta ba ta gan shi ba. Ta bar kwalin.

Inna ba ta ci abincin rana ba. Shekara arba'in ita da Hajiya Falmata suna shiga gidan juna ba sai da sallama ba.

Laifin Mahamud ne. Shi ya zana.

Talata, 14 ga Mayu

Wata ƙungiya mai raba littattafai a makarantu ta zaɓi Hanyar Gishiri don kolejojin jiha. Har da kolejin Yaya. Darakta ya kira shi ya damƙa masa kwali biyar, wai tunda Mushe Khalid, wato Malam Khalid, shi ne mai son irin waɗannan abubuwa, shi zai koya wa ɗalibai. Bai san komai ba, alheri yake ganin ya yi.

Yaya ya ba ni labarin yana dariya. Ban taɓa jin dariya mai muni irin wannan ba.

Na buɗe shafin ƙarshe na littafin Mahamud, wanda na ƙi dubawa tun farko. Ya ƙara mutane goma sha ɗaya nasa, kuma ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a fili cewa ya keɓe su. Nasa a kulle, namu a titi. Mutumin da bai gama lise, babbar sakandare, ba ya karanta sashe na ɗaya daidai.

Asabar, 18 ga Mayu

Na faɗa masa.

Ba jarumta ba ce. Na tarar da shi a ƙofar gida yana wanke babur, ya ce wani zai zo ganinsa da la'asar, zai sayar ya shigar da ƙara, ba zai jira nazarin Metir ba. Babur ɗin da yake zuwa aiki da shi, yake kai Inna asibiti.

Na ce ya ajiye tsumman. Na gaya masa komai a tsaye, kalmar jam'in, jerin da babu, layina, sashe na huɗu. Na ce ko ya sayar da gidan nan ba za mu ci ba. Ina magana ruwan sabulu yana gangarowa ƙarƙashin takalmina.

Na zaci zai ce sau biyu ya tambaye ni. Na shirya wa wannan. Bai faɗa ba.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce kwana ashirin.

Ya ce, "Kuskuren ba komai, kowa yana yi. Amma kwana ashirin ina zagin mutum a raina fiye da laifinsa, kina kallona."

Ya ɗauki tsumman ya ci gaba da wankin. Na juya na shiga gida. 

Fiye da laifinsa. To nawa ne laifin nasa? Takarda ta ba shi dama, na yarda. Takarda ba ta ce ya yi wa Kaka tumbi ba. Ba ta ce kada ya ɗaga salula ya ce, Khalid, ga abin da zan yi ba. Duk Zango ba wanda zai ce abin da ya yi daidai ne, kuma duk ƙasar nan ba alƙalin da zai ce laifi ne. Wannan na kashe shekara uku a jami'a ina koya, ban gane shi ba sai a ƙofar gidanmu.

Laraba, 22 ga Mayu

Munira yake ce mini yanzu. Da ladabi. Gara ya zage ni.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mahamud ya aiko da saƙo ta salular Yaya. Wai uwarsa ta kira shi tana kuka, wai bai yi tunanin abin zai kai haka ba, wai zai canza sunan katin in an sake bugawa. In an sake. Waɗanda aka buga suna cikin makarantu, yara suna jan Kaka suna sace wa juna ruwa suna shewa.

Kalmar haƙuri sau ɗaya ta fito, kuma a haɗe da "in ran Inna ya ɓaci".

An yi suna a layinmu yau. Inna ta zauna a wannan kusurwa, Hajiya Falmata a waccan. Mata sun lura. Wata ta tambaye ni ko lafiya, na ce ƙafa ke damun Inna.

Ni na karanta katin nan da ƙarfi. Ba na son in yi tunanin wannan yau.

Laraba, 29 ga Mayu

Yaya ya shigo ɗakina da littafin Mahamud a hannu, an sa takarda a wani shafi. Ya ce ɗalibansa sun yi mako biyu suna buga wasan, kuma akwai abu ɗaya da Mahamud ya gyara. A namu, wanda ya riga isa rijiya shi ke shan ruwan, na baya ya yi asarar zagaye. A nasa, in ayari biyu suka haɗu a rijiya dole su yi ciniki, ruwa da dabino ko da labarin hanya, kuma in ba su daidaita ba duka biyun ba mai sha. Ya ce nan ne yara suka fi ɗaukar zafi, har masu shiru suna magana. Ya ce shekara biyu yana neman maganin wurin nan bai samu ba.

Yana yabon mutumin a ɗakina.

Sai ya ce zai sake fitar da Ayarin Zango, kuma yana son ya san ƙa'idar rijiyar nan buɗe take ko keɓe. Na ce ya kai wa Metir Alkasum. Ya ce, "Ke nake tambaya."

Na karanta sau uku. Na kai wa Metir duk da haka, na kuma ce masa shafin bara ni na rubuta. Ya ce ya sani, in zauna. Muka bi tare. A buɗe take: ƙa'ida ce da aka gina kan ƙa'idar buɗe, ba shi da ikon rufe ta ko ya so. Yaya zai iya ɗauka ba tare da ya tambayi kowa ba. Sharaɗi ɗaya, sai an ambaci Mahamud a jerin waɗanda aka ara a wurinsu.

Na ce wa Yaya hannuna ba zai buga wannan sunan ba. Ya ce to, zai rubuta da biro.

Asabar, 8 ga Yuni

An yi yayyafi da safe, na farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, zafin bai ragu ba.

Kwana uku Inna tana ba Yaya labarin shekarar da Kaka ya dawo da ayarin wasu mutanen Agadas da suka ɓata, shi yana rubutawa. Sabon kati zai yi da shi. Tsohon ya tafi, ba mai dawo da shi. Wannan sabon, labarinsa da zanensa, na sa shi a jerin keɓe, lamba ɗaya. Na jera sauran sababbin ma. Shafin da bara ya ci layi ɗaya bana ya ci kwana huɗu.

Na so in rufe har sabuwar ƙa'idar guguwa da Yaya ya ƙirƙiro. Na nemi hanya sosai. Babu. Ko da akwai ma, ya ce a bar ta.

Rubutun biro a shafin da aka buga da inji ba zai yi kyau ba, shi ya sa na buga sunan. Mahamud Abdul'aziz, Hanyar Gishiri, 2024. Na duba kwalinsa don kada in yi kuskuren harafi. Lasisi ne ya ce a yi, ba ni ba.

Mun gwada ƙa'idar rijiyar ni da Yaya bayan azahar. Na ƙi ba shi ruwa, muka rasa mu duka. Muka sake. Ba laifi. Ba zan ce fiye da haka ba.

Da la'asar Inna ta dama fura, ta zuba a kwano biyu, ta rufe ɗaya da faifai ta ajiye kusa da takalmina. Ba ta ce a kai wa wa ba. An ce Hajiya Falmata ta kwana biyu da zazzaɓi.

Na kai. Niyyata in miƙa daga ƙofa in juyo. Ta ce in shigo, muryarta ta dushe. Ba ta yi maganar ɗanta ba, ni ma ban yi ba. Ta kasa buɗe kwalbar maganinta, na buɗe mata, na karanta mata yadda ake sha.

Na ɗan zauna. Rana ce ba ta yi sanyi ba tukuna.